Likkafanin Rasaki da Na'ura Mai Zafin Hanci

Allah Ya yi wa wanda ya ƙera na'urar auna laima albarka. Ni dai ban taɓa zama da abu mai ladabi irin ta ba. Damina guda cur tana maƙale a bangon sitona, ruwa na sauka kamar da bakin ƙwarya, amma duk sanda na duba waya sai ta ce min ko'ina a bushe yake, Alhaji kwanta ka huta. Ko yaron shago mai neman ƙarin albashi bai kai ta iya faranta ran maigida ba.

Da safen nan aka bugo min. Rasaki ya rasu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Alhaji Rasaki mai gyaran rediyo na Sabon Gari nake nufi, abokina tun muna samari. Bayarabe ne haifaffen Kano, wanda in yana zuba Hausa ni da kaina sai in yi shiru in kwashi karin magana. Ni kuma ubana Bagobiri ne, don haka kun san abin da ke tsakani. Tunda muka haɗu bai taɓa kirana da sunana Sule ba sai in rai ya ɓaci. Kullum "bawana". Ni ma haka nake ce masa, har muka tsufa ba a raba gardamar wane ne bawan wani ba.

Ɗansa Taofik ne ya kira ni. Bai gama magana ba sai mahaifiyarsa, Alaja Sikira, ta karɓi wayar.

"Alaji Sule, ka ji abin da ya same mu."

"Na ji, Alaja. Allah Ya ba mu haƙuri."

"Bayan la'asar za a kai shi. Ya ce kada a sayi ko taƙi ɗaya na yadi. Ya ce kayansa na wurin bawansa."

Na ce mata yanzun nan zan kawo.

Kayan da take nufi likkafaninsa ne. Falle uku na farin yadi, da hannunsa ya wanke su a ruwan zamzam shekarar da ya sauke farali, ya shanya a Makka, ya naɗe, ya kawo min ajiya. Kusan shekara hamsin ke nan suna wurina.

Na hau adaidaita na tafi Kwari. Na hau benen siton, benen da rabona da shi tun farkon damina saboda ciwon gwiwa. Tun ban kai ƙarshen matattakala ba hancina ya gaya min. Duk wanda ya ci abinci da yadi ya san wannan wari. Na buɗe ƙofa, na ga bangon kusurwa ya yi baƙi tun daga sama har ƙasa. Ashe kwano ya yi yoyo ta inda ba mai gani, ruwa yana bin bango yana shiga ƙarƙashin akwatin da likkafanin ke ciki.

Na zuge akwatin.

Funfuna. Ɗigo-ɗigo baƙi da kore kamar jikin zabuwa. Na kama gefen falle na sama zan ɗaga, ya biyo hannuna kamar jiƙaƙƙiyar takarda.

Na zauna daɓas a ƙasa. Na zaro waya na duba. Kore shar take nunawa. Ko'ina a bushe.

Na miƙa hannu na taɓa na'urar a jikin bango. Ɗumi gare ta kamar ƙwan da kaza ta tashi a kai.

Bari in koma baya, don yaran yanzu su gane dalilin da ya sa ɗumin nan ya fi funfunar kashe min jiki.

Zamanin da kuɗin mai ya fashe a ƙasar nan, ni yaron shago ne a wurin wani babban dila a Fagge, Alhaji Modu, Babarbare, Allah Ya ji ƙansa. Wanda bai ga zamanin ba ba zai yarda ba. Mutum ya sayi firji alhali unguwarsu ba a ja wuta ba, ya zuba hulunansa a ciki. Taragon jirgin ƙasa na sauke diloli a tasha, kafin 'yan dako su gama kwasa an sayar. Kome aka ce daga Turai yake sai an saya, a tambayi amfaninsa daga baya.

To a irin wannan sayayya ce wani Bature mai tallan kayan masaƙa ya liƙa wa Alhaji na'urar auna laima. Akwati ce kamar ƙaramar rediyo, da allura a fuska. In ta karkata hagu, sito a bushe yake. In ta karkata dama, laima ta shiga, a buɗe tagogi, a ɗaga kaya daga ƙasa, a fito da su rana. Aka rasa mai haɗa ta, sai aka ce akwai wani yaro a Sabon Gari da ya yi makarantar koyon sana'a, ba abin da ba ya kwancewa ya mayar.

Ranar na fara ganin Rasaki. Siriri, da wando mai faɗin ƙafa, da sukundireba a bayan kunne. Ya tambayi sunan garinmu, na faɗa, ya ce, "Alhamdu lillahi, na samu mai riƙe min tsani."

Da ya gama ɗaura ta, ya kira Alhaji ya nuna masa wani ɗan abu da ya leƙo daga ƙasan akwatin.

"Baba, wannan shi ne hancinta. Da shi take shaƙar iska. In marka ta zauna, wani lokaci hancin yakan jiƙe sharkaf, sai allura ta maƙale a dama ta ƙi motsi ko an yi rana. To ga ɗan maɓalli nan. Akwai hita a ciki, 'yar ƙarama, aikinta ta busar da hancin kawai. Ka kunna kaɗan, ka kashe."

"Shi ke nan?"

"Saura babbar. In hancin da zafi, kada ka yarda da ita. Iskar da ke kusa da shi ce kawai ta bushe, ba siton ba. Sai ka bari ya huce, sannan ka tambaye ta."

Alhaji ya gyaɗa kai irin na attajirin da hankalinsa ke wurin ciniki.

Marka ta zo. Allura ta kwanta a dama ta ƙi tashi. Kullum Alhaji ya shigo ya kalle ta sai ya tsuke fuska, don ɗaga diloli aiki ne, a nemo 'yan dako, a tare hanya, ciniki ya tsaya. Rannan ya tuna da maɓalli, ya danna. Muna tsaye allura ta taso a hankali, ta wuce tsakiya, ta je hagu ta zauna.

Alhaji ya ce, "Kai! Bature shaiɗani ne. Dubi yadda ta shanye laimar sito duka!"

Daga ranar ya hana a kashe. Har ta zama abin talla. Duk baƙon da ya zo sari daga Gabas ko daga Nijar sai ya ja shi ya nuna masa. "Duba nan. Sauran 'yan kasuwa da baki za su rantse maka kayansu a bushe suke. Ni inji ne shaidata."

Rasaki ya zo ya gani, ya kashe. Yana fita aka kunna. Ya sake zuwa ya roƙa.

"Baba, wallahi ƙarya take yi maka."

"Yaro, da tana faɗin abin da ba na so ka ce gaskiya take. Yanzu da muka shirya da ita kuma ta zama maƙaryaciya?"

Da damina ta ɗauke aka farke dilolin ƙasa. Atamfa ta manne da juna, turmi a kan turmi, in ka ɓamɓare sai zanen wannan ya bi wancan. Shadda ta yi tabo kamar an watsa mata toka. Alhaji ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya aika aka kira Rasaki.

"Me ya sa ba ka hana ni ba?"

"Baba, na hana ka har na gaji."

"To me ya sa ba ka hana ni da ƙarfi ba?"

Wannan labari na ci kasuwa da shi shekara da shekaru. Babu majalisar da ban ba da shi ba a Kwari. Ina kwaikwayon muryar Alhaji Modu, ana riƙe ciki. Wasunku da ke karanta wannan kun ji shi a bakina ya fi a ƙirga.

Ba a daɗe ba Rasaki ya samu tafiya Makka, don a shekarun nan har mai gyaran rediyo kujera ba ta gagare shi ba. Da ya dawo ya same ni, lokacin na fara tsayawa da ƙafata, na kama ɗan sito a sama. Ya ajiye akwati a gabana.

"Bawana, ga rigata ta ƙarshe. Gidanmu ka san shi, in aka yi ruwa har gado lambatu ke hawa. Kai kuma ka ga abin da laima ta yi wa Baba Modu da idonka, ba za ka yi sake ba."

Na ce, "Yanzu duk Kano ka rasa wanda za ka ba amana sai ɗan Kwari? Ni da nake sayar da na gida in ce na waje ne?"

Ya ce, "Shi ya sa. Ɓarawo ya fi kowa sanin inda ake ɓoye kaya."

Tun daga nan muka mayar da shi al'ada. Duk shekara in marka ta ɗan tsagaita aka samu rana mai kyau, sai ya zo. Mu hau sama, mu fito da yadin, mu baza a kan igiya ya sha iska. Ya zo da ƙosai ko dafaffiyar gyaɗa, mu zauna muna gadin likkafani muna zagin kakannin juna. Wani lokaci ya tashi ya kara shi a jikinsa ya ce, "Ka ga na yi ƙiba, anya zai zagaye ni?" In ce masa in bai isa ba zan cika masa da buhu, shi ya dace da bawa.

Mutum ne da ban san iyakar alherinsa ba. Ranar da uwargidana ta tashi haihuwar fari, ruwa ya cika titi, mota ta ƙi shiga layinmu. Shi ya turo basfarsa cikin ruwa har gwiwa ya kai ta asibiti, ni ina biye a guje da takalma a hannu.

Bai taɓa gyara wa makaho rediyo ya karɓi ko sisi ba. Yakan ce ita ce idonsa.

In ya ga fankar masallaci na ƙara, ba ya tambayar kowa. Sai dai a zo sallah a tarar ta yi shiru.

Bara ƙafa ta fara gagararsa, ni ma gwiwa ta sa ni gaba. Ɗana Nura ya ga ina wahalar hawa bene, ya sayo min na'urar zamani, 'yar mitsitsiya kamar akwatin ashana. Ya manna ta a bangon sito ya haɗa da wayata. In laima ta yi yawa waya ta yi ƙara ta nuna ja, in lafiya ta nuna kore. Ya nuna min wani wuri a wayar ya ce, "Baba, in ta jiƙe ta maƙale, ka danna nan. Hita ce a ciki, za ta busar da ita. Amma ka tabbata ka kashe."

Na yi dariya har da hawaye. Na ce masa, "Yaro, ni za ka koya wa wannan? Tun ba a haifi uwarka ba na san wannan maɓalli."

Da markar bana ta kankama, waya ta fara kuka. Ina cin abinci ta yi ƙara, ina sallah ta yi ƙara, ina tsakiyar ciniki ta yi ƙara. Ja, ja, ja. Na ce a raina hancin ne ya jiƙe, bari in busar da shi in ga gaskiya. Na danna. Jim kaɗan ta koma kore, ta yi tsit.

Wallahi da niyyar kashewa na danna. Sai kwastoma ya shigo. Daga nan kuma kullum na duba na ga kore sai in ji sanyi a raina, gwiwata ma ta ji sanyi. Ban koma wurin maɓallin ba, kuma ban tambayi kaina dalili ba.

Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Ganina da Rasaki na ƙarshe, ranar wata Juma'a ce bayan an sauko. Na same shi a zaure a kishingiɗe, ya rame, amma bakin nan na nan.

"Bawana, bana ba mu shanya rigata ba."

"Ranka ya daɗe, an ci gaba. Yanzu daga nan ma ina ganin sito." Na zaro waya na nuna masa. "Ka gani? Kore shar."

Ya karɓa ya kawo ta kusa da ido, ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "A cikin wannan ruwan da ake yi?"

"Sitona ne fa. Sama yake."

Ya miƙo min wayar. "Hancinta da zafi ko da sanyi?"

Na ce, "Kai dai Bayarabe ba ya rabuwa da gardama. Wannan ta zamani ce, ba irin taku ta da ba."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Sule, je ka taɓa."

Sunana ya kira. Na ji shi sarai. Na ce masa gobe in sha Allahu. Muka shiga wata hira, Alaja ta aiko da abinci, na ci, na tafi.

Yau na je na taɓa.

Yanzu ina zaune a shago, akwatin na gabana. Na warware su a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Na sama da na ƙasa sun tafi, ko allura ba za su riƙe ba. Na tsakiya ne Allah Ya tsare. Gefe-gefensa ya yi tabo, amma cikinsa fari ne tas, kuma na ja shi bai yage ba. Na kira limamin layinmu na tambaye shi. Ya ce in falle ɗaya ya rufe mamaci duka ya wadatar, sauran biyun a cika da sabo, babu laifi.

To ga inda shaiɗan ya zauna kusa da ni.

Bayana farin yadi ne bandir-bandir har rufi. Na san wanda in na yanka, na ɗan murza shi, na naɗe a tsohon akwatin nan, duk Sabon Gari babu mai ganewa. Sana'ata ce. Na sayar wa mutanen da suka fi Alaja ido abin da ya fi wannan wuyar sayarwa. Ba wanda zai ji ciwo. Alaja za ta samu kwanciyar rai, a kai shi, a dawo, a ce Alhaji Sule ya riƙe amana shekara hamsin. Har almakashi na ɗauka. Wallahi na ɗauka.

Abin da ya tsayar da ni, sai na ga ai maɓallin nan ne dai zan sake dannawa. Wannan karon a kan matarsa.

Kuma na san halina. In na bar wa kaina ƙofa, kafin azahar zan bi ta. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan, ni da ban saba dogon rubutu a shafin nan nawa na sada zumunta ba sai tallan shadda. In na saka shi, dubunku sun gani, hanyar ta toshe, ba ni da sauran wayo.

Taofik, na san kana cikin masu bina a nan. In ka riga ni, don girman Allah kada ka gaya wa Iya. Bari in zo in durƙusa in faɗa da bakina. In za ta zage ni ta zage ni, ta isa. Ban san da wane ido zan kalle ta ba, amma ina tafe.

Ku kuma jama'a, ga roƙona, kuma lokaci ya ƙure. Duk wanda ke da ruwan zamzam a gida, a Fagge ko Sabon Gari ko ko'ina cikin gari, ko rabin gora ne, ko kofi ɗaya ne, ya taimaka ya kawo. Wanda ya san shagona ya san shi, wanda bai sani ba ya tambaya a layin 'yan shadda. Ina so in jiƙa sababbin falle biyun da shi, in shanya su su bushe kafin la'asar. Na san ba zai zama wanda ya wanke da hannunsa ba. Ba zan ce wa kowa shi ne ba. Amma mutumin nan zamzam ya so ya kwanta a ciki, kuma ni na sa ya rasa. Alhazan bana, hajiyoyi, na san kuna ɓoyon na jinya. Ku tausaya wa tsoho. Rana ta fito yau, ban san ko za ta jira ni ba.

Ya Allah, ga Rasaki nan ya zo maKa. Ka san fankokin ɗakinKa da ya gyara ba wanda ya sa shi. Ka gafarta masa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanyaya masa makwanci, Ka tufatar da shi da abin da ba ya tsufa, ba ya tabo. Ka ba Alaja da yara haƙurin rashinsa. Ni kuma da ya ba amana, Ka sa ya yafe min in mun haɗu.

Duk wanda ya karanta, don Allah kada ya wuce bai yi masa addu'a ba. Ko Ƙulhuwallahu ce a karanta masa. Ku ambaci sunansa, Abdurrazaƙ.

Bawana, ka ci gardamar. Ni ne bawan.

Na kashe hitar tun ɗazu. Hancin ya huce, waya ta koma ja, tana ta ihu a aljihuna, yanzu da babu sauran abin da za ta ceta.

Na'urar kuma zan cire ta gobe. Lafiyarta ƙalau, ba ta taɓa faɗuwa ba, kuma muddin ka san inda ake dannawa ba za ta taɓa gaya maka abin da ba ka so ba. A cikinku wa zai ce ba ya bukatar irin ta?